Intalok a Lungunan Cikin Birnin Katsina: Wanda Ya Dace a Saya da Yadda Aikin Ke Lalacewa

Gyaran birni a Katsina, kamar a sauran biranenmu, ya fi ƙarfi a manyan tituna. An faɗaɗa hanyoyi, an sa fitilu, an buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a farkon 2023. Amma mutumin Yarinci ko Rafindadi ko Unguwar Alƙali ba a babban titi yake kwana ba. Lungu ne hanyarsa ta masallaci, nan yaransa ke wasa, nan mai kurar ruwa ke bi, ta nan ake fita da amarya, ta nan ake fita da makara. Abin da ake shimfiɗa wa irin wannan lungu a yanzu shi ne intalok, wato ƙananan bulon kankare da ake jerawa a ƙasa suna riƙe juna, wani wuri gwamnati ta yi, wani wuri ɗan siyasa, wani wuri kuma mutanen unguwa su yi karo-karo. A Kano har suna aka raɗa wa aikin, Lungu Kal-Kal.

A lungun da faɗinsa bai wuce mita 4 ba, babu abin da ya kai intalok dacewa. Kwalta na bukatar injin shimfiɗa da babbar rola, su kuwa ba sa shiga lungun da Keke Napep ke gogar bango, kuma ruwan da ke kwanciya da man fetur da gas duk suna cin ta. Kankaren zube yana da ƙarfi, amma ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa sai an sa diga an farfasa shi, facin kuma ba ya komawa daidai. Intalok ɗaga shi ake yi, a gyara bututu, a mayar da bulon nan dai a mazauninsa. A ƙasar Holan aka fara yawaita amfani da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ƙasa ke yawan lotsawa, ana bukatar shimfiɗar da za a iya ɗagawa a sake jerawa. Birnin da ba a gama ja masa bututun ruwa da na kwata ba, irin wannan shimfiɗar yake bukata.

Sai dai mafi yawan intalok ɗin da ya lalace a unguwanni ba bulon ne ya fara gazawa ba. Ko an tsallake aikin ƙasa, ko ba a nema wa ruwa mafita ba. Don haka wannan sharhi ya haɗa kayan da aikin masu shimfiɗawa.

Bulon kansa

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na inji, wanda ake kwaɓa shi da ruwa kaɗan, inji ya girgiza shi ya matse shi. Fuskarsa na da ɗan kaushi, gefensa a miƙe yake, kuma yawanci akwai 'yan ƙananan ƙulu a jikinsa da ke bar wa yashi gurbi tsakanin bulo da bulo. Akwai kuma na roba, wanda ake zuba kwaɓi mai ruwa a mazubin roba a bar shi ya daskare. Shi ne mai sheƙi, mai launin ja ko rawaya, wanda ido ya fi so. A tsakar gida ko harabar ofis ba laifi. A lungu kuwa ba mu ba da shawararsa ba, saboda dalili uku. Santsinsa ya yi yawa idan ruwan sabulu ya hau shi, kuma tsoho mai fita sallar asuba a duhu shi zai fara zamewa. Kaurinsa ba ya zuwa ɗaya, domin da hannu ake share bayansa. Ruwan da ake cika wa kwaɓin don ya bi mazubi kuma yana rage masa ƙarfi, bayan damina biyu ko uku sai fuskar ta fara ɓarewa tsakuwa ta bayyana.

Kauri ya danganta da abin da zai bi ta kai. Mai santimita 6 ya isa inda ƙafa da babur da kura da ƙaramar mota kaɗai ke shiga. Idan tifa ko tankar ruwa ko motar kwasar masai za ta shiga, ko da sau biyu ne a shekara, a sayi mai santimita 8. Mai santimita 4 ko 5 da ake tallata da araha ba na hanya ba ne ko kaɗan. Game da siffa, mai kusurwa huɗu na santimita 20 da 10 shi ya fi sauƙin samu idan ana neman na canji, guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya. Mai lanƙwashe-lanƙwashe a gefe yana cin wajen guda 40, kuma yana riƙe juna sosai. Masu siffar fure ko saƙar zuma ado ne, ba sa jure birki da juyin taya.

Tambayar da ta fi tona asirin mai buga bulo ita ce, murabba'in mita nawa yake fitarwa a buhun siminti ɗaya. Kankare mai kyau na hanya yana cin siminti kilo 350 zuwa 400 a kowace mita mai cika, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Idan aka yi lissafi, buhu mai kilo 50 zai ba da murabba'in mita 2 zuwa kusan 2 da rabi na mai santimita 6, wato bulo 100 zuwa 120 na mai kusurwa huɗu. Na mai santimita 8 kuwa bai kai murabba'in mita 2 ba. Wanda ya ce yana fitar da 4 a buhu, ya rage kusan rabin simintin ke nan, kuma daga nan araharsa ta fito. A tambayi kuma kwanan bulon. Yana bukatar ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Wanda aka buga da hunturu aka baje shi a fili ba rufi, iska ta shanye ruwansa tun bai gama kamawa ba, za a ga gefensa na marmashewa a hannu.

Kafin a biya, a ɗebi guda 10 daga tsakiyar tari, ba na saman da aka jera wa mai saye ba. A gwara biyu: mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, maras kyau sautinsa a dushe yake. A karce fuska da ƙusa, kada ta yi rami. A fasa ɗaya a duba cikinsa, a ga tsakuwa ta game ko'ina, ba yashi zalla da kofofi ba. A auna kaurin goman, bambancinsu kada ya wuce milimita 3. A auna nauyin busasshe, a jiƙa shi kwana ɗaya, a sake aunawa. Bulo mai santimita 8 yana kai wajen kilo 3.7, idan ya ƙara fiye da giram 220 ya cika shan ruwa. Aikin da ya kai na unguwa guda ya cancanci a kai samfuri ɗakin gwaji na sashen injiniyan gine-gine a matse shi a inji, kuɗin bai kai na buhunan siminti kaɗan ba.

Ruwa, da tsayin lungu

Nan ne ake cutar da mutane ba da gangan ba. Hanya mafi sauƙi ga mai aiki ita ce ya zuba burji a kan ƙasar da ya tarar, ya baza yashi, ya jera bulo. Ya huta da haƙa, ya huta da kwasar ƙasa da baro zuwa bakin titi. Ranar buɗewa kowa ya yaba. Amma lungun ya tashi da santimita 20 zuwa 25, alhali a cikin birni gidaje da yawa dama sun riga sun yi ƙasa da hanya, saboda shekara da shekaru ana zuba ƙasa da ɓaraguzan gini a waje. Ruwan farko mai ƙarfi sai ya tsallake dokin ƙofa ya shiga zaure. Rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida ta koma ƙasa da hanya, maimakon ta fitar sai ta shigo da shi. Mai gida ya gina ɗan shinge a bakin ƙofa, tsohuwa ta riƙa ɗaga ƙafa tana tsallakawa, mai babur ya riƙa ɗaga shi. Gidan ƙasa kuma gindin katangarsa ya riƙa shan ruwa har ta zube.

Ka'idar ita ce fuskar intalok ta kasance ƙasa da dokin ƙofar da ya fi kowanne ƙasa a lungun, da santimita 15 idan zai yiwu, kuma ƙasa da bakin kowace rariya. Wannan ba ya samuwa sai da haƙa. Bulo santimita 8, yashi 3, burji 15, jimla 26 ke nan da za a cire kafin a fara komai. A sa tiyon awo mai ruwa a bi gida-gida a yi alama a bango tun ba a kawo bulo ko ɗaya ba. Wanda ya zo duba aiki bai tambayi ina ruwan lungun ke bi da damina ba, bai leƙa rariyar kowa ba, kada a ba shi.

Yawan ruwan yana ba mutane mamaki. Ɗauki lungu mai tsawon mita 100 da faɗin mita 3. Ruwan sama na milimita 25, wanda a watan Agusta kan iya sauka cikin sa'a ɗaya, zai zuba lita 7,500 a kan shimfiɗar kaɗai. Idan gida 20 ne ke zubo wa lungun ruwa, kowanne da rufi da tsakar gida na murabba'in mita 100, an ƙara lita 50,000. A da ƙasa mai yashi tana shanye wani kaso. Intalok na gama-gari ba ya sha sosai, domin bayan 'yan watanni ƙura na toshe tsakaninsa. Ruwan zai fi yawa, zai fi gudu, kuma lungun da ke gangare shi zai karɓa. Kududdufan da kakanni suka haƙa suka yi tubali, waɗanda su ne matattarar ruwan unguwa, da yawansu an cike an yi gini. Saboda haka daga ƙasa ake fara aiki a hauro: a fara tabbatar da inda ruwan zai faɗa, ko babbar kwata ko kwalbati, a ga bakinta ya fi lungun ƙasa kuma ba a toshe take ba. Gyara lungun sama a bar na ƙasa, tura wa maƙwabci ambaliya ne.

A lungu mai mita 3 ko ƙasa da haka, lambatu a gefe bai dace ba. Yana cin santimita 60 na hanya, yana manne da gindin katanga, leda da toka suna cika shi, yara suna faɗawa. Abin da ya fi shi ne a karkato ɓangarorin biyu zuwa tsakiya, santimita 2 zuwa 2 da rabi a kowace mita, a zuba siririyar hanyar ruwa ta kankare a tsakiyar, faɗin santimita 30 zuwa 40, zurfin da bai wuce 5 ba, yadda tsintsiya za ta share ta, taya kuma ta haye. A tsawon lungu a samu gangaren da bai gaza rabin santimita a mita ba. Ruwan wanka da wanke-wanke kuwa kada a sake shi a kan bulo. Kullum yana gudana, yana kwashe yashin tsakani, yana haifar da gansakuka da wari. A ja masa bututu mai inci 4 a ƙarƙashi zuwa kwata, da ɗan akwatin dubawa mai murfi duk mita 10 zuwa 15, ko kowane gida ya yi sokawe. Indararo ma a kula da shi: ruwan da ke faɗowa daga mita 3 yana tone yashi a wuri ɗaya har bulo ya fara rawa. Ko a sa masa bututu ya sauko, ko a zuba kankare rabin mita a inda yake faɗa.

Abin da ke ƙarƙashi

Bayan haƙa, a cire duk wata shara da baƙar ƙasa da tsohuwar toka, a daddaɓe ƙasan. Inda aka taɓa haƙa masai ko rijiya aka cike, nan ne zai fara lotsawa, kuma dattawan lungu sun san wuraren, a tambaye su. A zuba burji kashi biyu, kowanne kada ya wuce santimita 10 kafin daɓe, a yayyafa ruwa har idan an dunƙula a hannu ya kama ba ya ɗiga, a bi da injin daɓe sau huɗu ko biyar. Daɓen hannu da guntun kankare bai isa ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tura baro cike da bulo a kai, idan taya ta bar sawu ba a gama ba. Gangaren ruwa a jikin burjin ake fitar da shi, ba a yashi ba.

A gefen katangar ƙasa a yi hattara sosai. Tushenta ba shi da zurfi, idan aka tone gindinta gaba ɗaya aka kawo inji mai girgiza, tana iya tsagewa. A riƙa haƙa mita 2 zuwa 3, a zuba kangin kankare, wato bakin da ke tokare gefen shimfiɗa, sannan a matsa gaba. Ba a wannan aikin da damina. Da damina kallon ruwa ake yi a yi alama, a fara aiki bayan ɗaukewarsa.

Kangin gefe shi ke riƙe shimfiɗar duka. Intalok ba siminti ke haɗa shi ba, matsi ne da yashin da ke tsakani. Idan gefe ya buɗe, bulon bakin ya zame, na bayansa ya bi, cikin wata kaɗan sai a ga yara na ɗauka suna jifa. A kafa kangin a kan kankare, a tokare bayansa da kankare, a yi shi kafin jeri ba bayansa ba. Shafa siminti a bakin bulon ƙarshe, wanda shi aka fi yi, damina ɗaya yake kaiwa. A bakin lungu inda ya haɗu da titi, da kowace mahaɗa, a binne kangi daidai da fuskar hanya.

Yashin shimfiɗa ya zama mai kaifi na rafi, a tankaɗe shi, kaurinsa santimita 3, iyaka 4. Masu cike rami da yashi har santimita 8 ko 10 don su daidaita burjin da bai daidaita ba, su ke jawo kwarin taya. A zuba yashin a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, idan laka ta kwanta a sama da kauri a mayar da shi. A ja shi da katako a kan bututu biyu, kada a taka bayan an ja. A jera bulo jerin ƙashin kifi, wato kowanne ya tokari ɗan'uwansa a kusurwa, domin shi ne jerin da ke jure birki. Jerin layi-layi ya fi sauri, amma yana tafiya gaba a hankali. A ja igiya duk mita 2 ko 3, a bar milimita 2 zuwa 5 a tsakani, a yanka na gefe da inji, kada a sa guntun da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai a bi da injin daɓe sau biyu, a baza busasshen yashi mai laushi a share shi cikin tsakani, a sake daɓewa, a sake sharewa har ya ƙi shiga. Wannan matakin na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, kuma in babu shi bulo ne kawai aka jera. Kada a cike tsakanin da siminti, yana tsagewa, ya kuma hana ɗagawa ranar gyara.

Ga wancan lungu mai tsawon mita 100 da faɗin mita 3, wato murabba'in mita 300, kayan za su kama haka: bulo 15,000 da ƙarin kashi 5 cikin 100 na yanka da fashewa, wato 15,750, ƙasar da za a fitar mita mai cika 78, wadda ke kumbura ta kusa 100 idan an tone ta, burji 45 bayan daɓe, a sayi wajen 58, yashi wajen 12, kangi mita 200. Farashi na canzawa da kuɗin siminti da na gas, shi ya sa ya fi kyau a nemi kowane mai aiki ya rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Idan takardarsa babu haƙa da kwasar ƙasa, ko babu hayar injin daɓe, an san inda araharsa take.

Zama da shi

Idan an yi shi daidai, bambancin a bayyane yake. Taɓo ya ƙare, ƙurar da ke shiga ɗaki da hunturu ta ragu, mai kura yana tura jarka 12 ba tare da taya ta nutse ba, keken guragu yana wucewa, shara ta yi sauƙi. Kwatamin da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki ya tafi.

Yana da nasa aibin. Da bazara yana ɗaukar zafi ya riƙe har bayan magariba, yaro ba ya iya taka shi ba takalmi da azahar, masu shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kuma za su ji shi. Mai launin toka ya fi baƙi da ja sauƙi. Duk bishiyar bedi da ke lungun a bar ta, a zagaye ta da kangi a bar mata fili mita ɗaya, in ba haka ba saiwarta za ta ɗaga bulo. Masu babur suna ƙara gudu da zarar hanya ta yi kyau, don haka a gina ɗan tudu mai faɗi da bulon kansa tun lokacin aiki, a bar wa ruwa hanya a tsakiya, kafin wani ya zo ya zuba nasa na siminti ya tare ruwa. Mai tuyar ƙosai ko awara ta ɗora murhu a kan faranti ko yashi, wuta kai tsaye tana fasa bulo. Masu kafa rumfar biki su ɗaure ƙafafun da duwatsu ko jarkar ruwa, kada su cire bulo su kafa turke. Mai gini kuma kada ya kwaɓa siminti a kai.

A wajen biya, a raba kuɗin kashi-kashi: bayan haƙa da burji, bayan kangi da hanyar ruwa, bayan jeri. Kowane mataki wakilan unguwa su gani da idonsu kafin a rufe shi. Ranar karɓar aiki a ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 3 a wurare da dama, kada a ga gibin da ya wuce santimita 1, a kuma juye duro ɗaya na ruwa a saman lungu a bi shi har inda ya fita. A riƙe kashi 10 cikin 100 sai bayan damina ta farko, lokacin ne lotsawa ke bayyana. A ƙara yashin tsakani bayan wata ɗaya, a sake bayan ruwan farko, masu shara kuma su sassauta tsintsiya a makonnin farko. A ajiye bulo 200 zuwa 300 a gidan mai unguwa. Duk wanda zai ja ruwan famfo ya sanar, a ɗaga bulon da ya wuce faɗin ramin da layi biyu kowane gefe, a mayar da burji a daɓe shi kashi-kashi, a sa sabon yashi, a jera wurin ya ɗan fi sauran tsayi da rabin santimita domin zai zauna. Ya fi sauƙi ma tun ranar haƙa a binne wa kowane gida bututu mai inci 2 da ya ratsa lungun, a toshe bakinsa, a yi alamarsa a bango.